MAGANI YAKAN ZAMA CUTA: CIWON DA KE SALUƁE FATA

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba a cika ganinsa ba, amma in ya zo yana iya kashe mutum cikin ƴan kwanaki. Abin da ke kawo shi magani ne, maganin da mutum ya sha don ya samu sauƙi. Wanda ya san alamunsa yana iya ceton ran ɗansa, ko na matarsa, ko na maƙwabcinsa.

GA YADDA ABIN KE FARUWA

A ce ga wani magidanci a ƙauye. An gama girbin hatsi, an kai damma rumbu, sai cikinsa ya soma murɗa. Ranar kasuwa ya tsaya wurin mai tallar magani, ya sayi farar ƙwaya ta dala ashirin. Mai talla ya ce masa ya sha biyu da safe, biyu da dare. Ya sha, ciki ya lafa. Ya sake saye, ya ci gaba da sha, wai don ciwon ya fita duka.

Bayan kwana goma sai masassara ta rufe shi. Maƙoshi yana zafi. Idanu su ka yi ja, suna yaji kamar an watsa musu tonka. Ya ce ai masassarar kaka ce, ya ƙara shan ƙwayar nan ɗin dai. To, nan babban kuskuren ya ke.

Kwana biyu bayan haka, tabo-tabo masu duhu su ka fito masa a ƙirji da fuska. Fatar tana zafi, ko riga ba ya so ta taɓa shi. Leɓɓa su ka fashe, su ka yi ɓawon jini. Baki ya cika da miki, ko fura ba ta wucewa. Daga nan sai bororo ya tashi, fata ta soma saluɓewa kamar ta wanda tafasasshen ruwa ya zube wa.

A gida kowa da tasa. Tsohuwa ta ce agana ce ta dawo. Wani ya ce ƙyanda ce, wadda a ke kira dusa. Wani ya ce sammu ne, a nemo mai karya shi. A ka yi hayaƙi, a ka yi shafi, a ka yi jiƙo, har kwana uku su ka wuce. Waɗannan kwana ukun da a ka ɓata, su ne sau da yawa ke raba mai rai da mamaci.

Agana dai an rabu da ita a duniya duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shelar haka a shekarar 1980. Ƙyanda kuwa ƙananan ƙuraje ta ke fitarwa kamar tsabar hatsi, ta fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba, kuma ba ta ɗaye fata falle-falle.

SUNANSA A WURIN LIKITA

A shekarar 1922, a ƙasar Amurka, wasu likitocin yara biyu, Stevens da Johnson, su ka rubuta labarin yara maza biyu, ɗan shekara 7 da ɗan shekara 8. Yaran suna da masassara, da ƙuraje, da miki a baki, idanunsu suna mugunya. Waɗanda su ka fara duba su sun zaci muguwar ƙyanda ce, kamar yadda mu ma mu kan zata a nan. A shekarar 1956 kuma wani likitan fata na ƙasar Birtaniya, Alan Lyell, ya ba da labarin mutum huɗu waɗanda fatarsu ta saluɓe kamar ƙuna. Shi ya sa in kun ji likita ya ce ciwon Stevens-Johnson, ko ciwon Lyell, to, wannan ciwo ya ke nufi. Ciwo guda ne, ƙarami da babba.

Likita yana auna girmansa da tafin hannu. Tafin hannun mai ciwo, haɗe da yatsunsa, kamar kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. In wurin da ya saluɓe bai kai tafi 10 ba, shi ne ƙaramin. A cikin mutum goma da ya kama, wanda ke mutuwa bai cika wuce guda ba. In ya wuce tafi 30, shi ne babban. Wannan kam yana kashe wajen mutum uku cikin goma, ko a manyan asibitocin Turai.

Amma kada hankali ya tashi. A cikin mutum miliyan guda, waɗanda ciwon ke kamawa a shekara ba su cika kai goma ba.

ME YA SA FATA KE SALUƁEWA?

A cikin jinin kowane mutum akwai masu tsaro da Allah ya halitta, suna yaƙi da ƙwayoyin cuta. Aikinsu kamar na karen da ke gadin garke ne. To, wani lokaci kare ya kan ruɗe, ya far wa ƴan tumakin da a ka ba shi tsaro. Haka abin ya ke a nan. Maganin ya kan ruɗa masu tsaron jini, su far wa fatar mai jikin, da ta cikin baki, da ta ido, da ta gaba, su kashe ta.

Ba lalle sai mutum ya sha magani ya wuce ƙa'ida ba. Ko magani mai kyau, wanda likita ya rubuta a ka saya a farmasi, yana iya yin haka ga wanda jininsa ya ƙi shi. Mutum dubu-dubu su sha lafiya lau, guda ya sha ya kwanta. Akwai ma gado a ciki. A shekarar 2004 likitocin ƙasar Taiwan sun gano wata alama ta gado a jinin mutanensu, wadda masu ita su ke saurin kamuwa in su ka sha wani maganin farfaɗiya.

Ku sani kuma ciwon nan ba a ɗaukarsa. Mai jinya ya kusanci majinyacinsa, ba abin da zai same shi.

Abin da ke kisa shi ne rashin fata. Fata ita ce dangar jiki. In ta tafi, ruwan jiki yana tsiyayewa, ɗumin jiki yana fita, ƙwayoyin cuta kuma suna shiga jini kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MAGUNGUNAN DA SU KA FI KAWO SHI

1. Dangin sulfa. A cikinsu akwai kotirimokzazol, wanda a ka fi sani da Bactrim, a Nijeriya kuma Septrin. Akwai kuma Fansidar na masassara.

2. Magungunan farfaɗiya, kamar Gardénal da Tégrétol.

3. Nebirafin, maganin cutar sida. Yanzu an musanya wa manya shi da wani magani.

4. Wasu magungunan ciwon gaɓɓai da sanyin ƙashi, kamar Feldène, da wani mai suna alofurinol.

5. Wasu magungunan tarin fuka. A da akwai guda mai suna tiyasetazon. A shekarar 1991 likitoci a ƙasar Kenya sun ga yana yi wa masu sida mugun lahani a fata, daga baya a ka bar amfani da shi.

Likitocin fata na Benin, da Burkina Faso, da Togo, da Afirka ta Tsakiya sun tattara labarin mutum 177 da ciwon ya kama tsakanin 2000 da 2010. Dangin sulfa ne su ka zo kan gaba, sai nebirafin. Sun ga kuma masu cutar sida sun fi sauran mutane kamuwa nesa ba kusa ba.

Makiyaya, ku ma ga taku. A cikin magungunan dabbobi da na kaji akwai dangin sulfa, kamar sulfadimidin. Maganin saniya na saniya ne. Kada mutum ya sha, kada ya ba ɗansa.

Akwai wa'adi da ya kamata a riƙe. Ciwon ya kan fito ne tsakanin kwana 4 da kwana 28 bayan an fara shan sabon magani, wani lokaci har zuwa wata biyu. Wanda ya yi shekaru yana shan Gardénal lafiya, ba shi ne abin tsoro ba. Ya ci gaba da maganinsa, kada ya bari.

TO, MAGANIN YARA NA DAMINA FA?

Iyaye za su yi wannan tambaya, kuma suna da gaskiya. Maganin rigakafin masassara da a ke bi gida-gida ana ba yara da damina, akwai ɗan'uwan Fansidar a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da wannan aiki a watan Maris na 2012. A ƙasarmu an fara shi a 2013 tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, kuma Gidan Rumji na cikin wuraren farko, tare da Madarunfa, da Magarya, da Madawa, da Buza. Ana ba yara daga wata 3 har su kusa cika shekara 5, sau ɗaya a wata. Rana ta farko ƙwaya biyu a gaban ma'aikaci, sannan guda-guda kwana biyu a gida. Yana rage masassarar yara wajen kashi uku cikin huɗu.

An bi sawun wannan aiki a ƙasashe bakwai: Nijar, Nijeriya, Mali, Burkina Faso, Cadi, Gini da Gambiya. An ba da maganin fiye da sau miliyan 12 a 2015, da sau miliyan 25 a 2016. Ba a kawo rahoton ko yaro guda da fatarsa ta saluɓe ba. Masassara kuwa kowa ya san kaburburan da ta ke cikawa tsakanin Agusta da Oktoba. Saboda haka ku buɗe wa masu rabon magani ƙofa.

Sai dai akwai yaran da ba a ba su, kuma uwa ce za ta faɗa:

- yaron da ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan wannan magani, ko bayan shan Bactrim;
- yaron da ke shan Bactrim a lokacin;
- yaron da ya sha Fansidar cikin wata gudan da ya wuce;
- yaron da ke kwance ba lafiya. Shi sai a kai shi likita.

Haka mace mai ciki. Fansidar da a ke ba ta wurin awo, sau ɗaya a wata bayan ciki ya wuce wata uku, yana kare ta da abin da ke cikinta. Amma in tana shan Bactrim, ko ta taɓa yin ƙurajen magani, ta gaya wa ungozoma tun kafin a miƙa mata.

Inda hatsari ya ke shi ne mutum ya mai da Fansidar kamar goro. A da Amurkawa masu zuwa Afirka suna shan shi kowane mako. Sai a ka ga wajen guda cikin dubu biyar zuwa dubu takwas yana samun wannan ciwo, wasu har su mutu. A 1985 likitocinsu su ka sauya wannan tsari.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Ba kowane ƙaiƙayi ne wannan ciwo ba. Manya suna tune da nivakin, wanda ke sa mutum susa dare biyu ba barci, amma ba ƙurji ko guda. Wannan wahala ce kawai.

Akwai kuma baƙin tabo, zagayayye kamar kwabo, da ke fita a leɓe ko a gaba duk lokacin da mutum ya sha wata ƙwaya, kuma a wuri guda ya ke komowa. Wannan gargaɗi ne. Jikinka yana gaya maka ya ƙi maganin nan. Ka bar shi, ka nuna wa likita.

Amma in mutum ya fara sabon magani cikin wata biyun da su ka wuce, sannan a ka ga waɗannan, to, babu zama:

1. masassara tare da ciwon maƙoshi;
2. idanu ja, suna yaji, suna kwantsa, ba sa son haske;
3. miki a leɓɓa, ko a baki, ko a gaba, har fitsari yana zafi;
4. fata tana zafi kamar ƙuna;
5. tabo masu duhu, ko bororo, ko fatar da ke zamewa in an goga ta da yatsa.

Masassara da ƙuraje da miki a baki, ga wanda ke shan magani, sun isa dalilin ɗaura wa jaki amalanke.

ABIN DA ZA A YI

Na farko, a tsai da maganin nan take. Likitocin Faransa sun nuna a shekarar 2000 cewa waɗanda a ka tsai da musu maganin da wuri sun fi tsira.

Na biyu, a kai mai ciwo likita a ranar, ko da dare ne. Kada a jira ranar kasuwa don a samu mota. In maganin farfaɗiya ne, ko na sida, ko na tarin fuka, zuwa a ranar ya ƙara zama tilas, don likita ya musanya masa da wani. Mai farfaɗiya in ya zauna ba magani, faɗuwa na iya komo masa da ƙarfi.

Na uku, a tattara duk abin da ya sha a tafi da shi: ƙwaya, da kwali, da kwalba, da takardar likita, da karne, har da sauran jiƙo. A faɗi wanda a ka sha ko da an gama shi tun makon jiya, don Fansidar yana yin makonni a cikin jini. Kada a ji kunyar cewa a kasuwa a ka saya. Manjo ba alƙali ba ne, sunan maganin ya ke nema.

Na huɗu, a hanya a lulluɓe shi da wankakken zane mai taushi, don ƙura da ƙuda, a kuma kare shi daga sanyi. In yana iya haɗiya, a riƙa ba shi ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan, ko ruwan gishiri da sukari na likita. Jinjiri a ci gaba da ba shi nono.

ABIN DA BA A YI

Kada a fasa bororo. Kada a fizge rigar da ta manne. Kada a shafa toka, ko kanwa, ko kashin shanu, ko garin kafso. Kada a yi masa wanka da ruwan zafi, kada a yi masa sirace. Kada a sa tozali, ko nono, ko ruwan ganye a ido. Kada a ƙara masa wata ƙwaya wai don ta kashe ta farko.

A GIDAN LIKITA

Ma'aikacin ƙaramar likita zai duba shi, ya tura shi gaba, zuwa asibitin Gidan Rumji, ko na Agiye, ko babban asibitin Maradi. In ya ce a wuce, a wuce. Babu allura guda da ke warkar da wannan ciwo. Jinyarsa irin ta wanda wuta ta ƙona ce: ƙarin ruwa, da ɗaki mai ɗumi, da wanke miki da tsabta, da maganin zafi, da abinci ko da ta tiyo ne, da duba ido kullum. In an tsare ran, sabuwar fata ta kan tsiro cikin mako biyu zuwa uku. Dangi su yi haƙuri, kada su ɗauke majinyaci su komo gida don sun ga ba a yi masa allura da yawa.

BAYAN AN WARKE

Fata ta kan yi dabbare-dabbare, farce ya kan zube ya sake fita. Ido ne ya fi daɗewa yana wahala. Ya kan bushe, gashinsa ya juya ciki, wani har ya makance. Saboda haka a koma wurin likitan ido ko da an ga sauƙi. Mace in ta ga wata matsala a gabanta ta gaya wa ungozoma.

Babban abu shi ne sunan maganin. A sa likita ya rubuta shi da manyan baƙaƙe a karne. Mai ciwo ya haddace shi, matarsa ko mijinta su haddace. Duk inda ya je neman magani, ya faɗa tun kafin a tambaye shi. Kada ya sake shan maganin nan, ko danginsa, har ƙarshen ransa, ko da rabin ƙwaya, don karo na biyu ya kan zo da sauri kuma ya fi muni. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu ya ke yi. Ƴaƴansa da ƴan'uwansa na ciki ɗaya su ma su gaya wa likita in za a rubuta musu magani.

MAGANAR MASU TALLA

Mun ce ko maganin farmasi yana iya kawo wannan ciwo. To, me ya sa mu ke jan kunne a kan na kasuwa? Dalili uku ne. Mai talla ba ya tambayarka ko ka taɓa yin ƙurajen magani. Yana ƙulla maka ƙwaya huɗu ko biyar a leda, ba kwali ba suna, ya ce haɗi ne. Ran da ciwo ya tashi, likita ya tambayi me a ka sha, sai a ce fara da ja. Farar ƙwaya kuwa ta fi iri ɗari. Sannan sau da yawa ciwon da ka saya dominsa ba ya ma bukatar maganin, ka ɗauki hatsari a banza. Araha ba ta ado.

Duk wanda za a ba magani ya yi tambaya uku: Mene ne sunansa? Kwana nawa zan sha? Wace alama zan gani in komo? Matambayi ba ya ɓata.

Ƴan'uwa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure, da dandali, da bakin rijiya, da wurin yaƙi da jahilci. Masu gari da limamai su taimaka da faɗakarwa. Mata su ji, don su ne ke ba yara magani, su ne kuma ke fara ganin ƙurji. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya, amin.